Giɓi a Muryar Malam

Kwana uku Malam ya yi yana zuba muryarsa cikin kwamfuta. A rana ta huɗu aka gano wani ya bi ta yana yanka.

Autarsa ce ta kawo labarin shagon gyaran kwamfuta da hantsi, idanu jawur, mayafi a karkace. Mai shagon mace ce da unguwa ta kusa manta sunanta na yanka. Mai Bin Sawu ake ce mata, domin ba ta kwance na'ura sai ta gama yi wa masu ita tambayoyi kamar waɗanda aka kama da kayan sata.

"Zauna, Auta. Fara daga farko."

"Anti, gobe ƙarfe takwas za a shiga da Baba tiyata. Za su cire abin da ya tsiro masa a maƙogwaro, amma da muryar za a cire. Ba zai sake magana ba."

Sukurudireba ta suɓuce daga hannun Mai Bin Sawu. Malam ne ya koyar da ita a aji uku, lokacin da in'ina ta ɗaure mata harshe har ta gwammace ta sha duka da ta amsa tambaya. Shi kaɗai ne babban da bai taɓa ƙarasa mata magana ba. Yakan ɗaga hannu aji ya yi tsit, ya jira, ko da kalma ɗaya za ta ci minti guda.

Auta ta ci gaba. Malam ya ce yana so ya bar wa kowa saƙonsa da muryarsa. Likita ya yarda masa awa ɗaya a rana, sauran lokaci sai rubutu a ɗan littafi. Saurayin Auta, wanda ake kira Mai Sauti saboda ɗaukar murya ce sana'arsa, shi yake zuwa da kwamfutarsa da makirufo, ya saita, ya danna, ya fita ya ja ƙofa. Sharaɗin Malam ɗaya ne: kada kowa ya saurara sai bayan tiyata.

"To yaya aka yi aka san an yanka?"

Auta ta sunkuyar da kai. "Yaya ne. Jiya ya kwafa a filashi, wai don ajiya. Da safen nan ya kunna."

"Malam ya sani?"

"Wa zai iya faɗa masa? Yaya ya ƙwace kwamfutar, ya kori mai ita. Yau ƙarfe huɗu ce awar ƙarshe, Anti. Bayan ita babu wata."

Mai Bin Sawu ta ɗauki jakarta, ta rufe shago da aikin mutum biyar a buɗe kan teburi.

* * *

Yaya, babban ɗan gidan, yana falo da kwamfutar a cinyarsa, ya dafe ta da hannu biyu kamar za ta tashi ta gudu.

"Injiniya, ba gyara nake so ba. Shaida nake so."

"Bari in ji tukuna, Yaya."

Ta sa abin sauraro a kunne. Muryar Malam ta shigo, ta dushe, ta yi kauri, amma ita ce dai, muryar nan da ba ta gaggawa. Sai da ta runtse ido don kada hawaye su kunyata ta. Yana magana a kan jikokinsa sai sautin ya yi ƙaƙ-ƙaƙ, ya haɗiye kalma biyu, ya ci gaba kamar ba a yi komai ba.

"Wannan ba komai ba ne," in ji Yaya. "Ji nan."

Ya kai ta rana ta biyu, minti na talatin da ɗaya. Malam ya yi gyaran murya ya ce, "Game da yaron nan da ke neman Auta, maganata ɗaya ce." Ƙaƙ-ƙaƙ. "... da shi."

Yaya ya ɗaga gira. "A rabu da shi. Abin da Baba ya ce ke nan. Yaron yana tafiya da kwamfutar gida kullum, ya ji, ya sa almakashi. Sauran yankan kuma ya watsa su ne don ɓad da sawu."

"Na yarda da shi, Baba ya ce," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Kuma kai ma ka kwana da shi a filashinka. Wa ya fi ka son a ce babu wannan kalmar?"

"Ke, ni kike tuhuma?"

"Kai ka fara koya mana."

Inna, matar Malam, ta leƙo daga kicin da tsumma a hannu. "Ku rage murya, yana hutawa." Ta dubi baƙuwar. "'Yar nan, kin zo? Kin rame. Aikin ne ko rashin miji?"

"Duka biyun, Inna."

Inna ta yi murmushin da bai kai ido ba, ta koma.

* * *

Mai Sauti bai yi nisa ba. Yana zaune a kan dakalin da ke fuskantar gidan, cikin rana, ga inuwa taku uku daga inda yake amma bai matsa ba. Daga nan ne ake hango tagar Auta.

"Ka saurari abin da ka ɗauka?" ta tambaye shi.

"A'a."

"Kwana uku, ko minti ɗaya ba ka duba ba? Wane irin mai sana'a ne kai?"

Ya ɗago. "Ya riƙe hannuna ya ce kada in ji. Da ni da uban yarinyar da nake so, karon farko da ya roƙe ni abu. Da ke ce, za ki ji?"

Ita ma ta san ba za ta ji ba.

"Kullum ina gwaji," ya ce. "Huɗu saura kwata nake ɗaukar muryata minti biyar a ɗakin, in saurara. Tas take fita. Gwaje-gwajen suna nan, ki duba."

Ta koma ciki ta duba. Gwaji uku, babu ko ƙwarzane. Ta duba fayilolin Malam: kowanne an rufe shi a daidai mintin da aka gama ɗauka, babu wanda ya sake taɓa shi. Ta kwatanta da na filashin Yaya, iri ɗaya ne sak. Ke nan ba a yanka daga baya ba. A yanke muryar ta shiga.

Ta zargi wayar makirufo. Ta murɗa ta, ta ja, ta girgiza, ba ta yi ko tari ba. Ta zargi caja, ta cire, ta mayar. Ta zauna a falo ta karanta bayan kwalin shayi da ƙarfi har minti goma, ta saurara. Garau. Kwamfutar tana kallonta da fuskar marar laifi, agogon bango kuma ya buga ɗaya.

"Kin gani?" in ji Yaya. "Na'ura lafiyarta ƙalau. Hannun mutum ne."

Ta kusa yarda. Sai ta tuna mutumin da ke kwance bayan bangon nan, wanda bai taɓa gajiya da jiran kalmarta ba. Ta ciro takarda da biro.

"Yaya, kowa ya ba ni wuri. Zan saurara daga farko."

"Baba ya hana."

"Ba maganar zan ji ba. Giɓin zan ji."

* * *

Abin ya yi mata wuya, don kunne ba ya da ƙofa. Ta ji Malam yana ba babban ɗansa haƙuri a kan wani mari na shekara talatin da suka wuce. Ta ji ya kira sunan ɗan da suka rasa yana jariri. Ta danne zuciyarta, ta kafe ido a kan lambobin da ke gudu a ƙasan allo, duk inda sauti ya yi tuntuɓe ta rubuta.

Rana ta farko, minti uku na farko lafiya. Daga nan sai huɗu da sakan goma. Biyar da sakan goma. Shida da sakan goma. Wasu sun faɗa kan kalma, wasu kan numfashi, wasu kan shiru inda babu mai lura. Ta tsallaka zuwa rana ta biyu, haka. Ta uku, haka. Farko tas, sannan duk sakan sittin cif, har ƙarshe.

Mai ƙiyayya yakan zaɓi inda zai cutar. Wannan abin ba ya zaɓe, bai ma san Malam na magana ba. Agogo yake bi. Kuma a cikin kwamfuta ta san abu ɗaya mai wannan ɗabi'ar: katin waifai, ɗan sashen da ke kamo intanet ba tare da waya ba, idan ya rasa layin da ya saba kamawa.

Amma ga layin gidan nan cike a kusurwar allo. Me ke kashe shi minti uku bayan an ja ƙofa, ya kuma dawo da shi kafin kowa ya lura?

Ta sami Auta a ɗakinta.

"Idan Malam ya fara, ke me kike yi?"

Auta ta ja gefen mayafi ta rufe baki. "Ina rubuta masa saƙo."

"Wanda ke kan dakali? Taku ashirin tsakaninku."

"Anti, ba ki taɓa so ba ne. Kuma ma ba ya amsawa. Kullum sai an gama saƙonnin suke tafiya gaba ɗaya. Har fushi na yi, na zaci wayarsa yake kashewa."

"Wayarki da layin gida take aiki?"

"Eh."

"Ina rautar gidan, na'urar da ke ba ku layin?"

"Tun da Yaya ya sa aka kawo ban sake ganinta ba. Ina jin tana wajen kicin."

Kicin ɗin ƙarami ne, bangonsa ɗaya da ɗakin Malam. Inna ta fita shanya. Tsohon firji yana tsaye jikin bangon yana gurnani ƙasa-ƙasa, irin ƙarar da mutanen gida suka daina ji tun da daɗewa. An manna takarda a ƙofarsa da rubutun Yaya: KADA A KASHE, AKWAI MAGANIN BABA.

Mai Bin Sawu ta durƙusa. A kan tayil akwai sawun ruwa da ya bushe, siriri, ya fito daga ƙarƙashin firjin ya nufi ƙofa. Ba layi ɗaya ba ne. Uku ne, kusa da juna, kowanne da farin bakinsa. An cusa tsumma a ƙasa, ta taɓa, da sauran danshi. Firjin da ba a kashewa, ai ba ya zubar da hawaye sau uku.

Ta leƙa baya. Wayar firjin ta shiga wani dogon soket mai baki huɗu. Kusa da ita akwai wata siririyar baƙar waya da ta hau bango, ta ɓace a saman firji bayan jerin kwanuka. Ta taka kujera ta ɗaga kwano. Ga rauta tana ƙyafta koren ido. Soket ɗin duka a makunni ɗaya yake, kuma a duk bangon nan mai maiƙo, makunnin kaɗai ne yake sheƙi.

A kan kanta ta ga babban filas, bakinsa a buɗe, an kife shi ya tsane.

Ta daɗe a tsaye tana kallonsa. Ta kama mai laifi, kuma ba ta taɓa jin ƙin kama wani kamar yau ba.

* * *

"Ba za a faɗa wa Baba ba," in ji Yaya.

Mai Bin Sawu ta dubi agogo. "Uku da rabi yanzu. In ba a faɗa masa ba, me zai maimaita? Ka shigo da yaron. A gaban Malam zan yi magana, sau ɗaya."

Suka taru a ɗakin. Malam yana kishingiɗe a kujerarsa, littafi da biro a cinya. Inna ta zauna a bakin gado. Mai Sauti ya rakuɓe jikin ƙofa, Auta ta zaɓi kusurwar da ta fi nisa da shi, abin da ya fi komai tona ta.

Mai Bin Sawu ta durƙusa ta gaishe shi. Ya dube ta, ya rubuta, ya juyo mata littafin: Ɗalibata. Harshe ya warware?

"Ya warware, Malam. M-m-amma yau yana so ya dawo."

Ya ɗaga hannu, kamar dā. Ɗakin ya yi tsit. Ta ja numfashi ta faɗa masa komai: an saurara, kuma muryarsa ta kwana uku cike take da giɓi. Malam ya juya ya kalli babban ɗansa. Yaya, mai furfura a gemu, ya koma kallon yatsun ƙafarsa.

"Yaya yana zargin Mai Sauti, Auta tana zargin Yaya. Yanzu kowa zai ji da kunnensa."

Ta kunna lasifika, ta sa kwamfutar ta saki wani dogon sauti siriri marar yankewa. Suka saurara minti biyu, bai motsa ba.

"Auta, je kicin ki kashe makunnin bayan firji."

Inna ta ɗago da sauri.

Can sai gurnanin da ke cikin bango ya mutu. Sai a lokacin suka san ashe akwai shi. Mai Bin Sawu ta ɗaga agogon hannunta tana kallo. Sautin ya yi ƙaƙ-ƙaƙ. Ta ƙirga a fili daga hamsin da biyar, tana kai sittin ya sake yi.

"Rautar gidan nan a makunnin firji take," ta ce. "In ta mutu, katin waifai na kwamfutar sai ya zama kamar uwar da ɗanta bai dawo ba, duk minti sai ta leƙa ƙofa. Akwai ɗan shirin da ke tuƙa katin, direba muke ce masa. Na wannan kwamfutar tsoho ne, ba ya da ladabi. In ya fita leƙe sai ya riƙe hankalin na'urar gaba ɗaya, murya ta zo ta tarar babu mai karɓarta, ta zube. Rabin sakan ne kawai. Ya isa kalma biyu."

"To wa yake kashe firjin?" Muryar Yaya ta fara hawa. "Da hannuna na rubuta. Maganin Baba..."

"Maganin yana cikin filas da ƙanƙara, bai taɓa ɗumi ba," in ji Inna.

Kowa ya juya.

Ba ta kalli kowa ba sai mijinta. "Ku ba ku jin ƙararsa. Ni shekara ashirin ina kwana da ita a bangon nan. Ranar farko yaron nan ya kashe fanka, ya ce makirufo yana jin abin da mutum ba ya ji. Da ya ja ƙofa sai na ce, to ashe nan gaba in na kunna don in ji mutumin nan, da firji zan riƙa jinsa? Ni muryar nake so ita kaɗai." Ta murɗa gefen zanenta. "Na ɓoye ne don wannan mai takardar. Ashe ni ce nake yanka ta. Kwana uku, Malam. Ni na cinye maka."

Hawayenta suka zubo ba tare da sauti ba. Yaya ya juya wajen Mai Sauti kamar wanda wuyansa ya sage.

"Kai. Na yi maka ba daidai ba."

"Ba komai, Yaya."

"Ban ce ka kira ni Yaya ba tukuna."

Kafaɗun Malam suka soma rawa. Dariya yake yi, marar sauti. Ya rubuta wani abu ya miƙa wa Inna. Ta karanta, ta kai masa ɗan duka a gwiwa, tana kuka tana murmushi, ta ninke takardar ta soke a zani. Babu wanda ya ga abin da ke ciki.

"A kunna firjin ke nan?" in ji Auta.

"A bar shi a kashe. Inna ta fi mu kunne." Mai Bin Sawu ta jawo kwamfutar, ta shiga inda ake jera sassan na'ura, ta nemo katin waifai ta kashe shi ɗungurungum. "Sabon direba sai an samu sarari. Yau dai ya kwanta, babu leƙen ƙofa."

Ta sake sakin sautin. Minti uku, ɗaki shiru, bango shiru, bai yi tuntuɓe ba.

* * *

Ƙarfe huɗu daidai Mai Sauti ya gyara makirufo, ya danna, ya juya zai fita. Malam ya ƙwanƙwasa biro a hannun kujera, ya nuna masa ƙasa, alamar ya zauna. Ya nuna wa kowa.

"Awa uku ba ta shiga awa ɗaya," ya ce, muryar tana fita kamar ana jan ta a kan tsakuwa. "Zan zaɓa. Kuma tun da kun iya satar ji, ku ji a gabana."

Mai Bin Sawu ta yunƙura za ta ba iyali wuri.

"Ke ma zauna," in ji Malam. "In kin tafi fa? Wa zai tsare mini ƙofar?"

Ta zauna, abin sauraro a kunne, ido a kan layin da ke tashi yana sauka da kowace kalma. Ta san ta kashe katin. Duk da haka zuciyarta ta ƙi yarda, ta shiga ƙirga da kanta. Sittin na farko ya wuce yana yi wa Yaya magana. Na biyu ya wuce. Na goma ya wuce a kan sunan jaririn, sunan ya shiga cikakke.

Wajen minti na arba'in muryar ta fara tsinkewa don kanta, irin giɓin da babu mai gyara da zai iya masa komai. Malam ya kurɓi ruwa, ya dubi mutumin da ke jikin ƙofa.

"Game da yaron nan da ke neman Auta."

Hamsin da shida, in ji zuciyar Mai Bin Sawu. Hamsin da bakwai.

"Kwana uku da sirrina a jakarsa bai buɗe ba. Ɗan cikina dare ɗaya ya kasa. Maganata ɗaya ce."

Sittin.

"Na yarda da shi."

Layin ya tashi, ya sauka, bai yanke ba. Auta ta kife fuska a cinyar Inna. Mai Sauti ya toshe bakinsa da hannu biyu, don ko a wannan hali bai manta makirufo a buɗe yake ba.

Malam ya jira suka natsu. Sannan ya juya kujerarsa kaɗan, ya fuskanci matarsa.

"Sauran mintunan naki ne," ya ce. "Ke da kika sama mini shiru."

Mai Bin Sawu ta zare abin sauraron daga kunnenta a hankali, ta ajiye. Wannan ba nata ba ne. Ido kawai ta bari a kan layin, yana tafiya, yana tafiya. Daga kicin wani siririn ruwa ya gangaro, ya leƙo ta ƙarƙashin ƙofa, ya taɓa gefen darduma. Kowa ya gan shi. Babu wanda ya tashi neman tsumma.